Zanen da Ya Juya wa Hanya Baya

Nasiru ɗan ƙanwata da abokansa sun mai da rumfata ta bakin tashar Jega wurin cajin waya. Ban hana su ba, ko ba komai suna kore mini awaki. Rannan ina fama da allon wani mai shayi, sai na ji Nasiru yana gaya wa abokinsa ƙasa-ƙasa, wai don kada in ji: "Aikin Kawu Jaɓɓi ai hutu ne. Ka tsoma, ka shafa, ka wanke hannu." Abokin ya ce yanzu ma waya tana zana duk abin da ka gaya mata kafin ka haɗiye yawu. Na ce to, su gaya mata ta zana mini gonar albasa a Aliero. Ta zana kuwa, tubarkalla. Ga wani dutse mai ƙanƙara a baya, ga manomi da takalmin roba har gwiwa yana murmushi. Na ce Allah ya kai mu wannan Alieron, ni dai duk yawona ban taɓa zuwa ba.

To, ku 'yan hutu, ku gyara zama. Zan ba ku labarin aikin da na fi ji da shi a duk rayuwata ta fenti, kuma da sifana, ƙarfen nan na kwance noti, na yi shi, ba da burushi ba. A ranar an ɗora mini abu biyu: lafiyar wani direba a hanya, da uwar wani dattijo wadda ba ta rage a ko'ina ba sai a kan katako. Aka ce in zaɓi ɗaya. Amma sai kun san maigidana tukuna, in ba haka ba labarin ba zai shiga ba.

Aikin farko da Malam Arzika ya ba ni shi ne aske bunsuru. Kada ku yi dariya, da gaske nake. Mahaifina ne ya kai ni wurinsa, don na gama da bangon gidanmu da gawayi na shiga na maƙwabta. Malam Arzika gajere ne, mai kaurin wuya, kana jin warin kananzir kafin ka gan shi. Shi ke zanen bayan manyan motoci, irin rokar nan mai bodin katako da ke kwasar albasa daga Aliero zuwa kudu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini almakashi, ya nuna wani bunsuru da ke ɗaure. Ya ce, "Gashin doron nai nika so, ba na ciki ba." Da wannan gashin yake ɗaure burushin layi, wanda ake jan siririn abu da shi kamar igiyar guga ko gashin jelar doki. Na kanti, in ji shi, na masu shafa bango ne. Ni da bunsurun nan mun sha dambe, kuma gaskiya shi ya yi nasara.

Daga nan sai samfefa. Na goge katako har tafin hannuna ya koma kamar na makaɗi. Na cike ramukan ƙusa da foti, na wanke burushi da kananzir, na tara gwangwanayen tumatir daga wurin masu abinci don haɗa kala. Damina ta zo ta wuce ban ja layi ko ɗaya ba. Kalar da yake saye kaɗan ce: ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, fari, baƙi. Duk sauran a gwangwani ake haifarsu. Kalar bawon albasa kaɗai ta ci mini watanni. Ku kuna cewa albasa ja ce. Ba ja ba ce. Sai ka karya jan da shuɗi, ka ɗiga fari, ka shafa a katako ka jira ya bushe, don fenti yana canza magana in ya bushe. Sannan Malam ya ɗauko albasa ta gaske ya kara a jiki. In idonsa ya iya raba su, ka zubar ka sake.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba masu mota haushi. Mutum zai zo da sauri ya ce a zana masa zaki, ko jirgin sama, ko ɗan dambe. Malam ba zai ce a'a ba. Zai kawo masa benci, ya ce, "In ka yi wata biyu bisa hanya ka komo, mi kaka hwara gani da za ka ce to, na iso?" Wani ya ce kukar bakin gari. Wani ya ce hasumiyar masallacinsu da ta ɗan kauce. To abin da ya faɗa shi za a zana, zakin kuma a ba shi ɗan wuri a gefe ya tsuguna. Kuma Malam ba ya zana wurin da bai taka ba. Sai mun hau keke mun je garin mutum, mun zauna, an kawo tuwo, mun ci. A lokacin na ɗauka dabarar cin tuwon banza ce. Har yau ban gama wanke shi daga wannan zargin ba, Allah ya jiƙansa.

Allon farko da aka bar mini ni kaɗai na wani dillalin albasa ne a Aliero. Na zage. Na zana albasa manya-manya kamar kan jariri, na tsayar musu da ganye kore shar, miƙe kamar sojoji. Ni da kaina na ɗauki allon na kai, ina tafiya ina jin kaina. Muna kafa shi manoma suka taru. Wani tsoho ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa dillalin, "Alhaji, ashe ɗanya kaka saidawa?" Wuri ya ɗauki dariya. Ni ɗan Jega, ɗan kasuwa, ina na san albasa ba ta ƙosa sai wuyanta ya karye ganyen ya kwanta? Wani ya dafa ni ya ce, "Ba laihinka ba na, ɗan Jega. Ku cikin miya kunka san ta." Na koma da allon a kai. Malam bai yi faɗa ba. Ya dai tura ni fadama, na yi kwanaki ina taya mutane cirar albasa, har na san yadda take kwanciya, da yadda ake jera ta a rudu, rumfar karan nan da ake ajiyarta ta sha iska.

Abin da ya same ni a garin Maiyama ya fi wannan. Wani Bafulatani, Buba, ya sayi a-kori-kura yana kai nono da mutane kasuwa, ya ce a zana masa saniyarsa a ƙofa. Na bi shi ruga kamar yadda aka koya mini, na sha fura har na kasa tashi. Ya nuna cikin garke ya ce, "Ga ta can." Na ga fararen shanu sun fi a ƙirga, duk fuska ɗaya. Na ce na gani. Na dawo na zana saniya wadda ko sarkin pawa zai yi mata gaisuwa. Buba ya zo, ya zagaya, ya tsuguna, ya tashi. Ya ce, "Kaɗo, saniyar ga ta yi kyau ƙwarai. Ta wa ce?" Matarsa ce ta ji tausayina. Ta kama ƙahon hagu na saniyar ta nuna mini yadda ya sunkuya kaɗan, ta ɗaga kunnen ta nuna mini baƙin tabo kamar an ɗiga tawada. Da na gyara, Buba ya tsaya gaban ƙofar motar ya kira sunan saniyar a hankali. Sannan ya juyo ya ce wai yanzu na kusa zama mutum.

Abu ɗaya Malam ba ya zanawa: fuskar ɗan Adam. Tun yana saurayi wani malaminsa ya ja masa kunne a kan haka, shi kuma ya riƙe. Duk mutumin da ke cikin zanensa ya ba ka baya. Na taɓa ce masa, "Malam, to ya za a gane ko wane ne?" Ya ce, "Kai in uwarka tana tahiya gabanka cikin kasuwa, sai ta waiwayo kaka gane ta?" Daga ranar na fara kallon ƙeyar mutane da kafaɗunsu da yadda suke jefa ƙafa. Shi ya sa, Nasiru, tun kana kwanar masallaci nake sanin kai ne, kuma nake sanin ko ka ci abinci ko wurina za ka ci.

Da ya yaye ni na shiga duniya. Na yi Kwatano, na yi Kumasi, na yi Agadas inda fenti ke bushewa a burushi kafin ya kai katako, na yi garuruwan kudu inda ruwa ke wanke maka aikin yini kana kallo. Na ga masu zana kifi mai kan mace, na ga masu zana mutum yana kokawa da damisa, kuma na koyi abubuwa a wurinsu, don akwai gwanaye. Yawon ne ma ya lanƙwasa mini harshe, har mutanen gida ke cewa na koma Bakano. Amma duk tashar da na sauka, in na hango bayan mota da rudu da mutum ya juya baya, na san na samu wurin kwana da mai ba ni labarin gida. Direbobinmu ma haka suke gane juna. Ka biyo mota a dajin da ba ka san kowa ba, ka ga kukar bakin garin Fagada a bayanta, sai ka danna ham, shi ma ya amsa.

Zanen ƙarshe da Malam ya yi na rokar Alhaji Nomau ne, mutumin Kashin Zama. Na dawo ganin gida na tarar hannun Malam ya fara rawa, sai na tsaya na taya shi. Ya yi wa Alhaji tambayar tasa. Alhaji mutum ne da magana ke yi wa tsada. Ya ce, "Giginyab bakin gari, wadda tak karkata. Rudun babana. Sai Inna, tana komowa daga rijiya." Muka je. Inna Kulu, mahaifiyarsa, ta tsufa amma ba wanda ya isa ya hana ta ɗibar ruwa. Tana tafiya kafaɗar dama ta ɗan sauka, hannun hagu a ƙugu, tulu a kai. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ko mai hoto ta gani sai ta rufe fuska da gyale. Malam ya zauna gindin giginya yana kallonta tana kai da komowa. Can ta tsaya ta ce, "Nomau, wane na wanga gajere da ka kallon mutane kamar bai taɓa ganin tsohuwa ba?" Malam ya ce, "Inna, tulun nika kallo." Ta ce, "To ka kalle shi da kyau, ya hi ka tsawo."

Ni na shafa sararin sama da ƙasa, shi ya yi sauran. In ya zo jan layi sai ya ɗora hannun dama a kan na hagu, ya riƙe numfashi. Da aka gama, Inna Kulu ta zo ta gani da rakiyar jikoki. Ta ce ita ba ita ba ce, ita ba ta da wannan ƙugun. Amma ta aiko wa Malam da zabi.

Bayan haka abubuwa suka bi juna. Malam ya rasu. Inna Kulu ta rasu. Iskar farkon damina ta kayar da giginyar. Aka haƙa famfo, rijiyar ta zama wurin zuba shara, rudun ma aka rushe aka yi shago. Kashin Zaman da ke bayan rokar nan ba ta rage a ƙasa ba. Duk shekara Alhaji zai kawo motar in wanke zanen in shafa masa banis, man ƙyallin nan mai kare fenti, kuma yana tsaye a kaina kamar ina yi wa ɗansa kaciya.

Sai shekarar nan mara daɗi ta zo. Dama sana'ar ta fara ja da baya, don masu buga hoto a inji sun shigo, ka ba su da safe ka liƙa da rana. Wannan bai dame ni sosai ba, rana tana cinye nasu kafin shekara. Abin da ya karya mu rigima ce da ta tashi can kudu, irin wadda ba ka sanin wanda ya fara ta, sai dai wanda ta ci. Aka riƙa tare motocin albasa a hanya. Motocin mutanen can ma suna ɗaukar albasa, su ba a taɓa su. Wadda aka ga alamar ta mutanenmu ce, ita ake tsayarwa. An ƙona wasu, wasu direbobin da ƙafa suka tsira. To mece ce alamar? Aikinmu. Abin da muka yi don a gane mu a yi mana ham, shi ya koma abin nuna mu.

A shekarar ban zana komai ba. Shafewa kawai na yi. Motoci suka yi layi gaban rumfar nan, kowa yana cewa a rufe da shuɗi ko toka. Na rufe kukar Fagada. Na rufe hasumiyar da ta kauce. Na rufe aikina, na rufe na Malam, da babban burushin bango, irin wanda ya ce na masu shafe-shafe ne. Nasiru, a nan kam maganarka ta yi daidai: ka tsoma, ka shafa. Ban taɓa samun aiki mai sauƙi kamarsa ba, kuma ban taɓa komawa gida a gajiye kamar lokacin ba.

Alhaji Nomau ne na ƙarshe. Ya ajiye motarsa ya ƙi fita, yana jiran ƙura ta lafa. Amma albasa ba ta jira. Ta fara tsiro a rudu, ta ƙasa ta fara ruɓa, kuma ba tasa kaɗai ba ce, ta rabin garin ce da suka dogara da motarsa. Ɗansa Hantsi ne direban, magidanci mai 'ya'ya ƙanana. Wata safiya sai ga su. Hantsi ya sauko ya gaishe ni, ya isar da saƙon mahaifiyarsa ya ce, "Kawu, Hajiya ta ce ban hawa motag ga sai an shahe bayanta. Ta ce ta riga ta yi wa tsohuwa addu'a, ba ta son ta yi wa yaro." Na dubi Alhaji. Shi kuma taya yake dubawa. Ya buga ta da ƙafa, ya zagaya ya buga ɗayar. Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Jaɓɓi, shahe."

Na fara da gefuna, inda sunan gari yake da furanni. Wannan aikina ne, ban ji komai ba. Na ce, "Alhaji, warin albasar fa? Shi ma in shafe shi?" Hantsi ya yi dariya, Alhaji bai yi ba. Na zagayo baya da bokitin toka. Na tsoma burushi. Ga Inna Kulu ta ba ni baya, kafaɗa a sauke, tana nufar gida. Na waiwaya, Alhaji ya tafi can wurin mai rake yana cinikin abin da ba ya sha.

Na daɗe a tsaye fenti yana ɗiga a ƙafata. Ba wani tunani mai zurfi nake ba, idona ne ya sauka a kan notinan da suka riƙe katakon. Bayan roka ba allo ɗaya ba ne, falankai ne aka jera aka ɗaure da noti a jikin ƙarfe. Ni na sha goge su, na san kowanne. Kuma katako, ko ɗan yaye ya sani, fuska biyu gare shi. Na ajiye bokiti na ce, "Hantsi, ba ni sifana."

Notinan nan sun yi tsatsa tun zamanin Malam. Muka jiƙa su da baƙin mai, muka buga, muka roƙe su, ɗaya ma sai da muka zage shi. Kowane falanki na sa masa alama da alli kafin in cire, don in ka rikita jeri sai tulu ya koma ƙarƙashin ƙafa. Muka sauke su duka, na ƙara musu banis mai kauri, suka sha rana. Sannan muka mayar da su a juye, zanen yana kallon cikin bodi. Na gicciya gora a gabansa, tazarar tafin hannu, don buhu ya jingina da gora kada ya goge fenti. Daga waje kuwa ba ka ganin komai sai tsohon katako da tabon albasa, kamar motar da ba ta da kowa.

Alhaji ya dawo da rakensa. Ya ga baya fayau. Ya gyaɗa kai, ya sa hannu aljihu. Hantsi ya ce, "Baba, hau ka diba ciki." Ya ce me zai duba. Muka kafa masa tsani. Ya hau ya leƙa, ya daɗe. Da ya sauko sai ya ce, "Gorag ga ta tsakiya ta rufe mata tulu. Sauke ta kaɗan." Na sauke. Ya ce, "Tunda kai kaƙ ƙirƙiro, sai ka bi Hantsi ka ga ko dabararka ta kai."

Na bi shi kuwa, dama ina son sayo fenti. Lambar motar ta can ce tun daga wanda Alhaji ya saya a hannunsa, wannan ya taimaka. Hantsi ya cire hula ya sa hana-salla, ya ba ni ɗaya. Ya ce, "Kawu, in an tsai da mu, kai kurma na." Na ce ni da na yi Kumasi? Ya ce, "Shi ya sa. Ba ka iya shiru." An tsayar da mu kuwa, da rana tsaka, a wani gari da ban san sunansa ba. Samari da sanduna suka zagaye motar. Hantsi yana yi musu turancin tasha, ni ina kallon gaba kamar gunki. Ta madubi na ga biyu sun nufi baya. Ɗaya ya ƙwanƙwasa katakon da sanda. Tsakanin sandarsa da Inna Kulu kaurin falanki ne kawai. Ya tofar da yawu, ya ɗaga hannu, aka janye itacen da aka gicciya. Mun yi nisa kafin Hantsi ya ce, "Kawu, ka iya magana yanzu." Na ce ban da abin cewa. Ya ce lallai yau an yi abin tarihi.

Kasuwar da muka sauka cike take da mutanenmu, 'yan dako da dillalai, waɗanda rigimar ta hana zuwa gida. Kowa ya yi laushi, ba mai ɗaga murya. Wata mai abinci 'yar garin, wadda ta ɓoye wasunsu a shagonta lokacin da abin ya yi zafi, ita ta fara kawo mana ruwa. 'Yan dako suka hau suka fara sauke buhuna daga sama, ina zaune a inuwa ina kallo. Layin farko ya tafi, sai ga shuɗin sama. Ba wanda ya kula. Na biyu ya tafi. Wani ya tsaya da buhu a kafaɗa ya ce, "Kai, wagga ba giginyak Kashin Zama ba ta?" Aka ce ya sauke kaya ya bar mafarki. Sai ga kan rudu. Sai ga tulu. Daga nan ba wanda ya ƙara cewa a yi sauri, amma ban taɓa ganin an sauke mota da sauri irin na ranar ba.

Akwai wani tsohon dillali, Baba Maidamma, ɗan Kashin Zama, wanda ya yi shekara da shekaru bai taka gida ba. Aka ɗaga shi aka sa shi cikin bodi. Ya matsa, ya leƙa ta tsakanin gora. Ya ce, "La ilaha illallahu. Kulu ta. Kulu ta Nomau. Ku dibi kahwaɗag ga." Ya juyo yana gaya wa yaran da ba su san ta ba yadda ta taɓa korarsa da muciya don ya sha mata ruwan tulu bai yi sallama ba. Kafin a jima bodi ya cika. Aka shimfiɗa buhunan wofi, mai shayi ya miƙo butarsa ta sama. Mutanen Aliero suka ce rudun ya yi gajere. Na Kashin Zama suka ce ai ku komai naku sai kun ƙara masa tsawo. Wani ɗan Maiyama ya ce shi bai ga abin kallo ba a garin da giginya ɗaya ce ma ta kasa tsayuwa daidai, aka taso masa. Daga waje in ka wuce, tsohuwar mota ce kawai mai warin albasa. A ciki kuwa mutane ne zaune a bakin garinsu suna musu da ƙarfi, abin da suka daɗe ba su yi ba.

Mun dawo lafiya, Hantsi ya yi ta zuwa yana dawowa har rigimar ta mutu. Sannu a hankali masu mota suka fara dawowa rumfar nan, wasu na sake musu, wasu suka tafi wurin masu inji, ban riƙe su ba. Da na ga hanya ta kwanta sosai sai na ɗauki sifana da man tsatsa na hau mashin zuwa Kashin Zama. Na tarar da Alhaji a ƙofar gida. Na ce na zo in juya katako ya koma yadda Malam ya bar shi. Ya ce in zauna. Aka kawo tuwo, na ci, don wannan ɓangaren koyarwar Malam ban taɓa sakaci da shi ba. Da na wanke hannu ya ce, "Jaɓɓi, mai da sifanarka. Shekara da shekaru tana waje, rana ta duke ta, ruwa ya duke ta, kowane baƙo ya kalle ta. Tsohuwa ta. Bar ta cikin gida."

To haka zanen yake har yau, yana kallon albasa. In rokar ta shigo Jega za ku gan ta, ita ce mai baya fayau kamar ba a taɓa kai ta wurin mai fenti ba. Nasiru, in kana so ka hau ka gani, sai ka zo da abokin naka mai waya, amma ku cire takalmi, don 'yan dako sun mai da abin doka.

Sai dai ku bari Alhaji ya sauko tukuna. Duk dawowar motar, in an share bodi, sai ya sa a kafa masa tsani, da tsufansa da ciwon gwiwarsa. Wai katakon ƙasa yake dubawa ko ya fara ruɓewa. Yakan daɗe a ciki. Katakon ƙasan nan lafiyarsa lau, ni na sani, ni da kafinta muka sa shi sabo bara. Amma in ya sauko ina riƙe da tsani nakan ce, "Alhaji, ya katako?" Shi kuma ya ce, "Yana nan."